Layar Bindigar Dabo

Shafi na 19

Sallama gare ku jama'a. Na ga saƙonnin masu cewa na bar su tsaye a bakin rumbu. Ku yi haƙuri, mu ɗora daga nan.

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo. Hadarin da ya haɗu ta gabas da asuba ya riga ya baje bai zubar da ko ɗigo ba, kamar yadda ya saba yi tun shigowar daminar nan. Geron da aka shuka karo na uku ya tsaya iya ƙwauri, ganyensa duk ya murɗe.

Abdulƙadir ya jingine kekensa a katangar gidan Saje Iliyasu, can bayan kasuwar Kunci. Ya kwance ƙullin tsumman da ya ɗauro a bayan keken, ya rungume shi a ƙirji, ya yi sallama.

Kwana huɗu ke nan da ya shiga rumbun mahaifinsa, marigayi Dabo, don ya kakkaɓo abin da ya saura. Tun tasowarsa bai taɓa ganin gindin rumbun nan ba. Sabon gero ake jibgawa a kan tsoho, kuma Dabo kaɗai ke shiga. Sai bana da fari ya cinye komai, shi kuma Dabo ya kwanta dama wata uku da suka wuce. A can ƙasa, ƙarƙashin damin ƙarshe, Abdulƙadir ya ci karo da tukunya an liƙe bakinta da laka. A ciki bindiga ce ta hannu, mai cin harsashi shida, da wata laya ɗaure a zoben da ke gindinta.

Kafin la'asar duk ƙauyen Ɗan Marke ya ji. Kuma bakinsu ɗaya, wai ga shaida ta fito.

Dama shekara kusan talatin ana cewa Dabo gudowa ya yi daga yaƙin Burma. Ya riga sauran dawowa da shekara guda, yana ɗingishi, ba lambar yabo, ba takarda, bai kuma taɓa leƙa taron 'yan mazan jiya ba. Aka sa masa Gudau. Bai taɓa musawa ba. Ranar jana'izarsa ma, a sahu na biyu, Abdulƙadir ya ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa Gudau dai ya yi gudun ƙarshe.

Yanzu an ƙara da cewa har bindigar gwamnati ya sato.

Baffansa, ƙanin Dabo, wanda shi ne mai unguwa, ya riga ya yi magana da wani dillalin Kano mai saye wa Turawa tsofaffin kaya, irin su takubba da tasoshin tagulla. Buhun dawa biyu zai bayar ya ɗauke ta, magana ta mutu. A gidan da ake dama dusa a sha, buhu biyu ba abin wasa ba ne. Abdulƙadir bai ƙi ba. Abu ɗaya ya ce, sai ya fara sanin ko ubansa ɓarawo ne.

Shi ya kawo shi wajen Saje.

Tsohon na zaune a zaure a kan buzu yana tufka igiya, dogo siriri, tabaransa ɗaure da zare ta bayan kunne. Shi ma Burma ya yi, a wata bataliyar daban, har ya kai saje. Suka gaisa, aka yi ya fari, aka yi ya iyali. Matarsa Mairo ta miƙo ruwa a ƙwarya ta bayan asabari, tana ba da haƙuri cewa furar gidan ta yi tafiya tun watan jiya ba ta aiko ba.

Abdulƙadir ya faɗi ko shi ɗan wane ne. Saje ya ɗan dube shi ta saman tabarau, ya ture igiyar gefe.

Da aka warware tsumman, warin tsohon man shanu ya cika zauren. Bindigar duk ta daskare da shi, baƙi ƙirin, har ba a gane inda ƙarfe ya ƙare katako ya fara.

Saje ya toshe hanci.

"Kai ɗana, ubanka soya ta ya yi niyyar yi?"

"Ban sani ba, Baba. Haka na same ta."

"To Allah ya ji ƙansa. Da ba don man nan ba da tsatsa ta gama da ita tuni."

Ya sa Mairo ta tsiyayo masa kananzir daga fitila, ya karɓi tsinken tsintsiya da tsumma mai tsabta. Kafin ya goge komai, ya juya bakinta wajen bango, ya danna wani ɗan ƙarfe da babban yatsa. Bindigar ta karye gida biyu. Abdulƙadir ya zabura, ya ɗauka ta lalace. Saje ya yi dariya ya ce haka ake buɗe ta. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya leƙa ramukan nan shida ɗaya bayan ɗaya. Ba komai a ciki.

Sannan ya zauna ya fara gugar ta, ba gaggawa, kamar mai yi wa jariri wanka.

Da bakin bindigar ya fito, ya kara ƙaramin yatsansa a kai. Ya ce wannan ba irin wadda aka raba a zamaninsu ba ce. Ta zamaninsu bakinta ya fi wannan ƙanƙanta, jikinta ma bai kai haka nauyi ba. Wannan tsohon yayi ce, harsashinta ƙato.

Ya ci gaba da sakace gefenta da tsinke har rubutu ya fara fitowa. Ya gyara tabarau, ya bi haruffan da farce, yana haɗa su a hankali yadda aka koya musu a bariki. Ya ce a Ingila aka ƙera ta, a wani gari da ake kira Bamingam, garin maƙera ne. Ga shekarar nan ma an buga.

"Alif ɗari tara da sha shida. Ubanka shekara nawa ya yi a duniya?"

"Inna ta ce hamsin da biyar."

"To ta girme shi."

Abdulƙadir ya dubi bindigar kamar yau ya fara ganinta.

Saje ya nuna masa inda baƙin fentin ya goge a bakinta da kafaɗarta, ya ce wannan cin kube ne, an zare an mayar ba iyaka. Ya nuna masa zoben gindi yadda ya sirance ta gefe ɗaya, ya ce igiyar da ake rataya ta a wuya ce ta cinye shi haka, kuma igiya ba ta cin ƙarfe a yaƙi ɗaya. Sai wasu ƙananan ramuka a jikinta kamar zanzana. Waɗannan kam, in ji shi, ya san su, na Burma ne. A can sai a yi wata biyar ruwa bai ɗauke ba, ka goge ƙarfe da safe kafin azahar ya yi ja.

Wata biyar ana ruwa. Abdulƙadir ya leƙa sararin sama ta ƙofar zaure, fari tas, ya kasa kwatanta abin a ransa.

A nan ne aka yi sallama.

Baffa ne. Rigarsa ta jiƙe da gumi, ƙafafunsa fari fat da ƙasa, maɗaurin takalminsa ɗaya ya kusa tsinkewa yana jansa. Keke ɗaya ne a gidan, kuma Abdulƙadir ya fito da shi. Ashe tun daga Ɗan Marke a ƙafa ya biyo shi.

Abdulƙadir ya tashi ya ba shi wuri, ya ce wa Saje baffansa ne, mai unguwarsu. Suka gaisa. Baffa ya shanye ruwan ƙwaryar, bai ko huta ba ya fara magana. Ya ce shi bai zo da rigima ba. Amma tun da aka gama yaƙin basasa hukuma ke farautar masu ɓoye bindiga, ga yaro ya ɗauko ta tsakar rana ya ratso kasuwa da ita. Ga dillali zai zo gobe. Ga yara a gida cikinsu ya liƙe da baya. Wanda ya mutu ya riga ya mutu, a rufa masa asiri.

"Baffa, wane asirin ya rage ba a tona ba?"

A hankali Abdulƙadir ya faɗa, kansa a ƙasa.

Saje ya ce su duka su saurara, abu ɗaya zai duba, shi zai raba gardama. Ya ce duk wani kayan gwamnatin Ingila, tun daga bindiga har cokali da bargo da takalmi, akwai wata alama da ake buga masa, layi uku da suka haɗu a sama. Su a bariki sawun kaza suke ce mata. In akwai sawun kaza a jikin nan, to ta gwamnati ce, kuma ba a sallamar soja da ita. Wanda duk aka gan shi da ita a gida, ɗaukowa ya yi.

"In na gani zan faɗa maka, ɗana. Ba zan ɓoye ba."

"Shi na zo ji, Baba."

Tsohon ya fara nema. Ya goge gefen dama, ya juya hagu. Ya duba ƙarƙashin baki, ya duba jikin abin da ke juyawa da harsashi, ya duba bayan kunama. Inda idonsa ya gaza ya bi da yatsa. Wata akuya mai yunwa na ta kuka daga cikin gida.



Saje ya maimaita dubawar sau biyu, sannan ya ajiye ta a kan buzu.

"Babu."

Ya ce wannan ba ta taɓa zama ta gwamnati ba. Hafsoshin Turawa na da, da kuɗin aljihunsu suke sayen tasu, kamar yadda mutum ke sayen wuƙarsa. Ta mutum ɗaya ce.

Abdulƙadir ya saki numfashi. Amma Baffa ya riga shi magana.

"To ka gani. Ta Bature ce. Ai gara ma a ce ta gwamnati. Yanzu sai a ce gawa ya lalube."

Maganar ta daki Abdulƙadir, don shi ma ta ɗarsu a ransa. Saje ya gyaɗa kai ya ce mai unguwa bai yi ƙarya ba, hakan na faruwa, shi da idonsa ya gani. Ya sake ɗaukar bindigar, ya koma kan ƙarfen da ya bi bayan mariƙi, inda man ya fi daskarewa. Ya jiƙa shi da kananzir ya kankare.

Sunaye biyu suka fito, ɗaya a saman ɗaya.

Na saman aikin gwani ne, mai zurfi, amma tafin hannu ya shafe rabinsa. Na ƙasan kuwa kamar da bakin wuƙa aka zana shi, ga shekara a gefe, alif ɗari tara da arba'in da uku. Sunan gidansu ɗaya, Ashkom. Saje ya ce abin a fili yake, uba ya je yaƙin Jamus na farko da ita ya dawo, da aka sake buga wani ya miƙa wa ɗansa. Ɗan ne ya kai ta Burma.

"Daga nan ƙarfe ya gama maganarsa. Yadda ta bar hannun ɗan ta shiga na ubanka, ba a rubuta a jikinta ba."

Sai idonsa ya sauka a kan layar.

Ya ɗaga ta a tafin hannu, ya ɗan matsa, ya kai ta kusa da kunne ya sake matsawa. Baffa ya gyara zama.

"Saje, wannan kuma laya ce. Ba a buɗe laya."

Abdulƙadir ma ya ce haka Inna Fadima, mahaifiyarsa, ta ja masa kunne kafin ya fito. Duk abin da za a yi wa bindiga a yi, amma kar a taɓa layar. Wa ya san abin da malami ya ɗaure a ciki? A Ɗan Marke an ce ma ita ce layar zana da Gudau ya ɓace wa Turawa da ita. Kwana huɗun nan ba wanda ya yarda ya riƙe ta da hannu biyu.

Saje ya ce shi ma ba ya buɗe laya, akwai uku a damtsensa tun kafin ya hau jirgin ruwa, bai san abin da ke cikinsu ba har yau. Amma su matso su duba ɗinkin nan.

Abdulƙadir ya matso. Baffa bai motsa ba.

Fatar dai jar fatar akuya ce irin ta ko'ina. Ɗinkin ne ba na baduku ba. Baduku da siririyar tsirkiyar fata yake ɗinki, ya ɓoye bakin. Wannan kuwa ɗinkin soja ne, irin na facin jaka, manya-manya. Zaren kuma da aka goge shi sai ga shi fari, mai santsi, yana ɗan sheƙi.

"Ka san zaren mene ne wannan?"

"A'a, Baba."

"A dajin can ba hanyar mota. Jirgin sama ke sako mana abinci da laima. In mun kwashe abincin sai mu warware igiyar laimar mu yi ɗinki da ita. Wane baduku ne a ƙasar Kunci yake da wannan zaren?"

Ya sake matsa ta. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙas-ƙas. Ya ce wannan kuma guntun tamfol ne, irin wanda suke shimfiɗawa su kwanta. Da shi suke naɗe takarda don kar ruwa ya ci. Wannan ba aikin malami ba ne. Dabo ne ya ɗinke takardarsa da hannunsa, ya yi mata rigar laya, don ya san a garinsu ko gara mai cin itace sai ta fi mutum ƙarfin halin buɗe laya.

Ya ajiye ta a gaban Abdulƙadir, ya ɗora aska a kusa.

"Gadonka ne. Ni ba zan yanka ba."

Baffa ya riƙo hannun rigarsa.

"Abdulƙadir. Yaya da kansa ya ɗinke. Da yana so a gani da bai ɗinke ba."

Muryarsa ba ta faɗa ba ce. Abdulƙadir bai taɓa jin Baffa ya yi magana da irin wannan muryar ba, shi da ke raba rigimar iyakar gona da tsawa ɗaya. Ya daɗe yana kallon askar. Ya tuna sahu na biyu.

"Ka yafe ni, Baffa."

Ya yi bisimilla ya yanke zaren.

Tamfol ne kuwa, kore. A cikinsa takarda an ninke ta takwas, ta yi ruwan ƙasa, amma rubutun na nan. Saje ya shimfiɗa ta a gwiwa da yatsu biyu. Ya karanta a zuci tukuna, leɓɓansa na motsi, ya kai ƙasa ya sake komowa sama. Sannan ya fara juya ta da Hausa, jimla-jimla.

"Ni Kyaftin Ashkom, na ba da wannan bindiga kyauta. Ta mahaifina ce, ta zama tawa, ba ta gwamnati ba ce. Na ba sojan da ya goya ni kwana biyu a daji, ya haye kogi da ni, alhali akwai harsashi a cinyarsa ta hagu. Kada wani ya karɓe ta daga hannunsa."

Abdulƙadir ya sunkuyar da kai. Cinyar hagu. Ita ce Dabo ke ja a bayan garma, ita ce ke hana shi barci in sanyi ya shigo. Ya ji idonsa ya kawo ruwa, ya bar shi.

Amma Saje bai ninke takardar ba. Ya ce ya taɓa jin labarin nan a sansani, an ce wani Bakano ne, ba su dai san ko ɗan wane gari ba ne. Sai dai akwai abin da bai gane ba. Ga lambar sojan, ga sunansa, kuma ba Dabo aka rubuta ba.

"Wane ne Nababa Sani?"

Abdulƙadir ya ɗago. A hankali ya juya ya dubi baffansa.

Sani sunan kakansa ne. Nababa kuwa, duk da yanzu kowa mai unguwa yake cewa, sunan da aka san Baffa da shi ke nan tun yana yaro.

Saje ya bi idon Abdulƙadir da kallo. Sai ya dafa bango ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya gyara tsayuwa, ya haɗe dugadugai, ya ɗaga hannu ya sara wa Baffa.

"Ashe kai ne. Shekara talatin ina son in ga mutumin nan."

Baffa bai tashi ba. Ya dubi hannun da ke sare masa, ya dubi ƙafafunsa guda biyu da ke miƙe a kan tabarma, lafiyayyu, waɗanda suka tako tun daga Ɗan Marke.

"Sauke hannunka, Saje."

Saje bai sauke ba.

"Sunan nawa ne. Ƙafar ba tawa ba ce."

Daga nan maganar ta zubo, ba da ƙarfi ba, idonsa a kan tabarma. Ya ce shekarar da aka zo ɗibar soja, kowane gari aka yanka masa adadin da zai bayar. Dagacin lokacin ya rubuta sunansa, shi Nababa, don gidansu maza biyu ne, kuma Dabo ne ke riƙe da gona. Shi kuwa shekararsa sha bakwai. Da ya ji dogarai sun yi sallama da sassafe, sai ya haye rumbu ya shige ƙarƙashin dammuna. Rumbun nan dai. Yana ciki yana jin suna cewa in ba a fito da yaro ba da mahaifinsu za su tafi.

Sai ya ji muryar Yaya Dabo a tsakar gida yana cewa shi ne Nababa.

Dagaci ya sani, ya yi shiru, shi dai kai ɗaya yake nema. Mutanen gari ba su ga komai ba sai Dabo na bin bayan dogarai.

Da aka sallamo shi saboda raunin, duk takardunsa da sunan Nababa suke. In ya nuna ɗaya, ko ya je karɓar lamba, sai an tambayi dalili. Lokacin kuma an sa ranar auren Nababa.

"Ya ce in yi shiru. Na yi. Da aka fara ce masa Gudau na je na same shi a gona, ya ce suna ne, ba ya hana gero fitowa. Na sake yin shiru. Kullum sai in ce gobe. Har aka ba ni unguwa. Har na tsaya a sahun gaba a kan gawarsa."



Abdulƙadir ya tuna wata rana yana ɗan shekara tara, ya fasa wa wani yaro baki don ya ce masa ɗan Gudau. Dabo bai dake shi ba, ya dai wanke masa fuska ya koma saƙar zana. Baffa ne ya zo da yamma ya cika masa aljihu da gyaɗa, ya shafa kansa, ya tafi bai ce komai ba. Sai yau ya san kuɗin mene ne gyaɗar nan.

Ya nemi fushi a ransa. Ya same shi, amma ba shi da yawa kamar yadda ya zata. Gajiya ta fi yawa.

Saje ya sauke hannunsa a hankali, ya zauna. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, ya taɓa nuna Dabo da baki a kasuwar nan ya ce ga Gudau, Dabo ya ji, ya yi masa sannu ya wuce. Ya ce in Abdulƙadir na so, ranar Juma'a zai sa a kai shi Ɗan Marke, ya tsaya a ƙofar masallaci ya karanta takardar nan kowa ya ji. Amma abin da aka rubuta zai karanta. Ba zai cire suna ya sa wani ba.

Abdulƙadir ya gane. Ba yadda za a wanke Dabo ba a tuɓe Baffa ba. Abin da Dabo ya ɗinke ke nan.

Ya ninke takardar yadda take, ya mayar cikin tamfol, ya sa a aljihu. Ya ce zai yi shawara da Inna. Bindiga dai ko gobe dillali ya ɗauka, yara su ci tuwo. Takarda ce ba za ta tafi ba.

Sun yi azahar a Kunci suka kamo hanya. Abdulƙadir ya ce Baffa ya hau bayan keke, Baffa ya girgiza kai. Sai shi ma bai hau ba, ya riƙa tura shi. Suka ratsa gonaki, gero tsaye kamar an ƙona, wasu mata can nesa suna tonon gidan tururuwa ko za su samu 'yan ƙwayoyi.  Ba abin da ake ji sai ƙarar sarƙar keke da jan takalmin Baffa.

Gab da la'asar suka iso bakin gari, inda hanya ta rabu biyu. Ta hagu gida za ta. Ta dama kuwa gindin durumin masallaci, inda maza ke zaune suna jiran kiran salla. Yau sun fi kullum yawa. Kowa ya san inda Abdulƙadir ya je. Har malamin firamare na cikinsu, mai karanta wa mutane wasiƙa.

Baffa ya tsaya.

"Ba ni takardar."

Abdulƙadir ya dube shi. Takarda ce tsohuwa, yatsu biyu sun isa su gama da ita. In ta tafi, ba sauran abin da zai ce Dabo bai gudu ba sai bakin tsoho ɗaya a Kunci.

"Baffa, me za ka yi da ita?"

Baffa dai ya miƙo hannu.

Abdulƙadir ya sa hannu a aljihu ya ba shi.

Baffa ya damƙe ta. Ya juya dama. Taku uku ya yi maɗaurin takalmin ya ƙarasa tsinkewa, ƙafarsa ta sauka a kan rairayi mai zafi, ga ƙarangiya ko'ina. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, yana neman abin dafawa.

Abdulƙadir ya jingine keken a cinyarsa, ya tuɓe nasa takalman, ya sunkuya ya jera su a gaban Baffa.

Baffa ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ɗayar. Bai waiwayo ba. Ya miƙe hanyar durumi, koren tamfol a hannunsa.

Abdulƙadir na tsaye ba takalmi, ya ga hirar gindin bishiyar ta yanke, kawuna suna ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.